Saul Hertz: Likitan da ya fara warkar da ciwon tayirod da aidin na nukiliya, aka kusa mantawa da shi

A ranar 31 ga watan Maris na shekarar 1941, a Babban Asibitin Massachusetts da ke birnin Boston na ƙasar Amurka, wani likita ɗan shekara 35 ya ba wata mata ruwan magani ta sha. A ido babu abin da ya raba ruwan da na randa. Abin da ke narke a cikinsa kuwa sinadarin aidin ne da aka sarrafa a na'ura har ya koma yana fitar da tururin nukiliya. Matar tana fama da ciwon da ke sa tayirod ta yi aiki fiye da kima, kuma a wancan zamani babbar mafita ga mai irin wannan ciwo ita ce wuƙar likitan tiyata.

Sunan likitan Saul Hertz. Abin da ya fara a wannan rana shi ne har gobe ake yi wa masu kansar tayirod a manyan asibitocin duniya. Sabbin magungunan da ake haɗawa da aidin na nukiliya a yau, domin tunkarar kansar da ta bazu a jiki, a kan tunaninsa aka gina su. Sai dai shi kansa bai daɗe a duniya ba, kuma shekarunsa na ƙarshe sun tafi ne wajen kare haƙƙinsa a kan aikin da ya yi da hannunsa.

Tasowa a yankin maƙoƙo

An haifi Saul Hertz ranar 20 ga watan Afrilun 1905 a birnin Cleveland na jihar Ohio. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Poland, shi ne kuma na uku a cikin 'ya'ya maza bakwai.

Yankin da ya tashi, wato kewayen manyan tafkunan arewacin Amurka, ya yi suna da yawan masu maƙoƙo, saboda ƙasar wurin da ruwanta ba su da wadataccen aidin. Tayirod wata 'yar tsoka ce mai siffar malam-buɗe-littafi da ke kwance a gaban wuya. Aikinta shi ne tsamo aidin daga jini ta haɗa sinadaran da ke daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da yadda jiki ke ƙona abinci. Idan aidin ya yi ƙaranci a abinci sai ta kumbura wajen ƙoƙarin kamo ɗan abin da ke akwai, kumburin nan shi ake kira maƙoƙo.

Hertz yana yaro lokacin da wani likitan Cleveland, David Marine, ya fara ba 'yan mata 'yan makaranta aidin a garin Akron a 1917, ya kuma nuna cewa hakan na hana maƙoƙo. A 1924, lokacin da aka fara sayar da gishiri mai aidin a kantunan jihar Michigan, Hertz ɗalibi ne a jami'ar jihar. Ya kammala a 1925, ya wuce makarantar koyon likitanci ta Harvard.

Shiga Harvard ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan Bayahude a lokacin. A 1922 shugaban jami'ar, Lawrence Lowell, ya fito fili ya nemi a ƙayyade yawan Yahudawan da za a riƙa ɗauka, kuma makarantun likitanci da dama a ƙasar suna aiki da irin wannan ƙa'ida ko da ba a rubuce ba. Hertz ya sami digirin likita a 1929, ya koma Cleveland ya yi aikin sanin makama na shekara biyu a asibitin Mount Sinai. A 1931 ya dawo Boston, inda shugaban sashen likitanci na Babban Asibitin Massachusetts, James Howard Means, ya damƙa masa ragamar sashen masu ciwon tayirod. Shekarunsa 26.

Marasa lafiyar da suka fi cika sashen masu ciwon Graves ne, wato ciwon da tayirod ke zuba sinadaranta babu ƙaƙƙautawa. Mai ciwon yakan rame ko da yana cin abinci sosai, hannunsa na rawa, zuciyarsa na dukan uku-uku, wani lokaci idanunsa su firfito. Aidin na yau da kullum yana kwantar da ciwon na ɗan lokaci ne kawai, don haka ake ba da shi kafin tiyata. Ita kuwa tiyatar wuya tana da haɗarinta: zubar jini, lalacewar jijiyar murya, wani lokaci har rasa rai.

Tambaya a wajen cin abincin rana

Ranar 12 ga Nuwamban 1936 shugaban Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, Karl Compton, ya gabatar da jawabi a wata liyafar cin abincin rana a makarantar likitanci ta Harvard. Maudu'insa shi ne irin gudummawar da kimiyyar fiziks za ta iya ba likitanci. Shekara biyu kafin nan, Irène Curie da mijinta Frédéric Joliot sun gano a Faransa cewa ana iya mayar da sinadari na yau da kullum ya zama mai fitar da tururin nukiliya, kuma Compton ya taɓo wannan batu.

Da aka zo lokacin tambayoyi sai Hertz ya nemi sanin ko za a iya yi wa aidin haka.

Tambayar gajeriya ce, amma lissafin da ke bayanta ya riga ya kammala a kansa. A duk jikin ɗan Adam babu gaɓar da ke tara aidin kamar tayirod. Ita kuma ba ta iya bambance aidin na yau da kullum da mai tururi, domin a wajenta duk ɗaya ne. Ke nan idan aka ba mutum mai tururin ya sha, tayirod da kanta za ta janyo shi daga jini ta tara, likita ya auna aikinta daga waje da na'ura. Idan kuma aka ƙara yawansa, tururin zai ƙone ƙwayoyin da suka wuce gona da iri daga ciki, sauran jiki bai sha wahala sosai ba. Ciwon da kansa zai ɗauko abin da zai kashe shi.

Compton bai da amsa a take. Sai ranar 15 ga Disamba ya aiko da wasiƙa yana shaida wa Hertz cewa abin mai yiwuwa ne, domin Enrico Fermi ya riga ya samar da irin wannan aidin a birnin Rum a 1934. Shi ne nau'in da masana ke kira aidin 128.

Zomaye da agogo

A 1937 asibitin da MIT suka ƙulla haɗin gwiwa. Shugaban ɗakin binciken da ke kula da wannan fanni a MIT, Robley Evans, ya ɗauki wani matashin masanin fiziks mai suna Arthur Roberts domin ya yi aiki da Hertz. Roberts ne ke samar da aidin ɗin, ta hanyar harba ƙwayoyin niyutiron daga wani ɗan ƙaramin tushe na rediyom da beriliyom, shi ne kuma ke aunawa da na'urar Geiger.

Babbar matsalarsu lokaci ce. Aidin 128 yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan minti 25. Daga sa'ar da aka haɗa shi sai an yi tsere da agogo: a yi wa zomo allura, a jira ɗan lokaci, a cire tayirod, a auna, duk kafin tururin ya dushe. A haka suka yi gwaji a kan zomaye 48. Sakamakon da suka wallafa a 1938 ya tabbatar da hasashen Hertz. Tayirod tana kama aidin cikin mintuna, kuma wadda aka zaburar ta kumbura tana kamawa fiye da lafiyayya nesa ba kusa ba.

Akwai darasi na biyu a gwajin, wanda amfaninsa bai bayyana sosai ba sai daga baya. Yawan aidin da tayirod ke sha ba tsayayyen abu ba ne. Ana iya ƙara mata ƙishirwa, misali da sinadarin TSH da wata ƙaramar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa ke aikowa domin umartar ta da aiki.

Maƙalar ta fito da sunaye uku: Hertz, Roberts da Evans. Shekaru masu yawa bayan haka, a wata wasiƙa da ya rubuta a 1991, Roberts ya bayyana cewa shi da Hertz ne suka yi aikin suka kuma rubuta shi, kuma sunan Evans ya shiga ne saboda matsayinsa na shugaban ɗakin bincike. Wannan ita ce ɓaraka ta farko.

Aidin mai mutuwa cikin mintuna ba zai warkar da mutum ba. Mafita ta zo daga ɓangare biyu. A jami'ar California da ke Berkeley, Glenn Seaborg da John Livingood sun gano aidin 131 a 1938, wanda sai bayan kwana takwas yake rasa rabin ƙarfinsa. A Boston kuma Gidauniyar Markle ta ba da dala 30,000 aka gina wa MIT na'urar saikulotiron, mai iya samar da irin waɗannan sinadarai da yawa. Ta fara aiki a 1940.

Marasa lafiya 29

Abin da matar nan ta sha a watan Maris na 1941 daga wannan na'ura ya fito. Mafi yawansa aidin 130 ne, mai rasa rabin ƙarfi cikin kusan awa 12, sai ɗan kaɗan na 131. Hertz da Roberts ba su tsaya ga bayar da magani kawai ba. Suna tara fitsarin mara lafiya su auna abin da ya fita, su ɗora na'ura a wuya su auna abin da ya zauna, daga nan su ƙiyasta yawan tururin da tayirod ta samu. Sinadari guda ne ke nuna musu halin da ciwon yake ciki, shi ne kuma ke magance shi. Wannan tsari na aunawa kafin a yi magani da abu ɗaya ya zama ginshiƙin wani babban reshe na likitancin nukiliya.

Tsakanin 1941 da 1943 sun yi wa mutum 29 wannan magani, kusan mutum ɗaya a wata. Da aka bi diddigi, 20 daga cikinsu sun warke ba tare da tiyata ba. A watan Mayun 1942 Hertz ya gabatar da sakamakon farko a wani taron likitoci masu bincike a Atlantic City. A wurin ne kuma Joseph Hamilton da John Lawrence na Berkeley suka ba da rahoton nasu marasa lafiyar, waɗanda suka fara yi wa magani watanni bayan Boston.

Akwai wani rauni a tsarin gwajin. Means, saboda tsoron kada ciwon ya tashi wa marasa lafiya gaba ɗaya, ya nemi a riƙa ba su aidin na yau da kullum bayan sun sha na nukiliyar. Matakin kariya ne, amma ya bar ƙofa ga mai son ya ce ba a san wanne daga cikin biyun ya yi aikin ba.

Kura da shan bugu

Yaƙin Duniya na Biyu ya raba abokan aikin. Roberts ya koma aikin na'urar hango jirage a MIT, Hertz kuma ya shiga rundunar sojan ruwan Amurka a matsayin likita a 1943. Kafin ya tafi ya bar marasa lafiyarsa da tsarin aikinsa a hannun wani likitan asibitin, Earle Chapman.

Chapman ya ci gaba da aikin tare da Evans. Sun ƙara yawan maganin, sun kuma daina bin sa da aidin na yau da kullum, suka yi wa mutum 22 magani a haka. Wannan gyara ne mai amfani, domin ya toshe waccan ƙofa ta shakka. Matsalar ita ce bayan yaƙi sun aika da sakamakonsu ga mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka, wato JAMA, babu sunan Hertz ko na Roberts a cikin marubuta, alhali su da suka fara aikin ba su kai ga wallafa cikakken rahotonsu ba.

Labari ya kai kunnen Hertz. Shi da Roberts suka yi gaggawar kammala tasu maƙalar. Editan mujallar, Morris Fishbein, ya buga duka biyun a fitowa ɗaya, ranar 11 ga Mayun 1946: rahotanni biyu a kan magani ɗaya, daga asibiti ɗaya, kowanne da nasa marubutan. Duk mai karatu da ya lura ya san akwai rigima a gidan.

Hertz bai koma kujerarsa ta Babban Asibitin Massachusetts ba. Ya koma asibitin Beth Israel, wanda al'ummar Yahudawan Boston suka kafa tun 1916 saboda marasa lafiyarsu da likitocinsu da wasu asibitoci ba sa maraba da su. Masu nazarin tarihin wannan rikici suna kawo dalilai fiye da ɗaya: gasar neman suna, saɓanin halayya tsakanin mutanen, da kuma ƙyamar Yahudawa da ta yi katutu a manyan cibiyoyin Boston na lokacin. Ko wanne ya fi nauyi, abin da ya biyo baya a fili yake. Shekaru da dama ana ba da labarin aidin na nukiliya a littattafai da laccoci, sunan wanda ya yi tambayar farko yana can gefe, wani lokaci ma babu shi.

Juyawa zuwa kansa

Tun zamanin zomaye hankalin Hertz yana kan kansa. Idan ƙwayar tayirod da ta rikiɗe ta zama kansa tana riƙe da ɗabi'arta ta shan aidin, to ko ina ta gudu a jiki, huhu ne ko ƙashi, aidin zai bi ta har can. Tiyata ba ta iya wannan, haka ma gashin da ake yi da na'ura daga waje. Tururin da aidin 131 ke kashe ƙwayoyi da shi bai wuce tafiyar milimita biyu a cikin tsoka ba, don haka ɓarnarsa kusan a inda ya taru take tsayawa.

Gwaje-gwajen farko a kan masu kansa ba su ba da ƙwarin gwiwa ba, domin yawancin ƙullutun kansar ba sa shan aidin kamar lafiyayyar tayirod. Wanda ya fara samun gagarumar nasara shi ne Samuel Seidlin na asibitin Montefiore a New York. Daga 1943 ya fara ba wani mutum aidin na nukiliya, mutumin da aka cire wa tayirod shekaru da dama kafin nan amma kansar ta bazu a ƙasusuwansa da huhunsa. Ciwon ya lafa, mutumin da ke kwance ya miƙe. Rahoton ya fito a JAMA a Disamban 1946. Daga irin wannan aiki likitoci suka fahimci cewa idan aka kawar da lafiyayyar tayirod, sinadarin TSH yakan hauhawa a jini ya tilasta wa ƙwayoyin kansar su buɗe baki. Darasin zomaye ne ya dawo a jikin mutum.

A watan Satumban 1946 Hertz ya kafa cibiyar binciken sinadaran nukiliya a Boston, Seidlin ya zama mataimakinsa. Lokacin ya dace. Shekara guda ke nan da jefa bama-bamai a Hiroshima da Nagasaki, gwamnatin Amurka kuma tana neman nuna wa duniya cewa atom yana da wani amfani ban da kisa. A watan Agustan 1946 tukunyar nukiliya ta Oak Ridge a jihar Tennessee, wadda aka gina domin aikin bam, ta fara aika sinadarai zuwa asibitoci. Aidin 131 ya yi araha ya kuma wadata. Hertz yana cikin likitocin da suka matsa wa hukuma lamba a kan a saki waɗannan sinadarai domin magani, ya kuma yi ta kira da a koyar da ɗaliban likitanci kimiyyar nukiliya.

Ya ci gaba da koyarwa a Harvard. A 1949 ya buɗe sashen likitancin nukiliya a Asibitin Mata na Massachusetts, inda ya faɗaɗa bincike zuwa wasu nau'o'in kansa da kuma yadda sinadaran jiki ke sauya halinsu. Bai ga inda aikin zai kai ba. Ranar 28 ga Yulin 1950 ciwon zuciya ya yi ajalinsa farat ɗaya, yana da shekara 45.

Idan kansa ta ƙi shan aidin

Bayan rasuwarsa tsarin ya zauna daram: a cire tayirod da tiyata, a ɗaga TSH, a ba da aidin 131 ya share abin da ya rage. Da wannan ne kansar tayirod ta shiga sahun nau'o'in kansa da aka fi samun galaba a kansu, har ma a wasu lokutan bayan ta kai huhu.

Amma matsalar da Hertz ya ci karo da ita tun farko ba ta gushe ba. A cikin waɗanda kansarsu ta bazu zuwa nesa, kusan kashi biyu cikin uku sukan kai matsayin da aidin ba ya yi musu aiki. Wani nazari da cibiyar Gustave Roussy ta Faransa ta wallafa a 2006 a kan mutum 444 ya nuna girman tazarar. Waɗanda aidin ya share musu ciwon har hoto ya daina nuna komai, kashi 92 cikin ɗari suna raye bayan shekara goma. Waɗanda kansarsu ba ta shan aidin kuwa, kashi 10 ne kacal.

An ɗauki kusan rabin ƙarni kafin a gano dalili. A 1996 ɗakin binciken Nancy Carrasco a New York ya gano ƙwayar gadon da ke ƙera 'yar ƙofar da aidin ke bi ya shiga ƙwayar tayirod, wadda ake kira NIS. A 2003 aka gano cewa wata tangarɗa a ƙwayar gado mai suna BRAF tana cikin kaso mai yawa na nau'in kansar tayirod da ya fi yaɗuwa. Ita wannan tangarɗa, da 'yar uwarta ta RAS, tana maƙale makunnin girma ne a kunne. Ƙwayar sai ta duƙufa ga hayayyafa, ta yi watsi da sana'arta ta gado, ta daina ƙera ƙofar aidin. Maganin yana yawo a jini, babu mashiga.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce magungunan da ke datse wa kansar hanyoyin girma da na samun jini. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da sorafenib a 2013, sannan lenvatinib a 2015. A babban gwajin lenvatinib, ciwon ya tsaya cik na kimanin wata 18 ga waɗanda suka sha, idan aka kwatanta da ƙasa da wata huɗu ga waɗanda ba su sha ba. Sai dai magunguna ne da ake sha kullum babu ranar dainawa, suna da tsada, suna kuma zuwa da hawan jini da gudawa da kasala.

Hanya ta biyu ita ce ta fi kusa da tunanin Hertz: a kashe makunnin na 'yan makonni, ƙwayar ta tuna sana'arta ta sake buɗe ƙofa, sannan a aika mata da aidin. A 2013 Alan Ho da James Fagin da abokan aikinsu a cibiyar kansa ta Memorial Sloan Kettering a New York suka wallafa gwajin maganin selumetinib a kan mutum 20 da aidin ya daina yi wa aiki. Bayan mako huɗu, 12 sun nuna ƙarin shan aidin a hoto. Takwas sun kai matakin da ya cancanci a ba su aidin 131, biyar daga ciki ƙullutunsu suka ragu sosai, uku kuma ciwon ya tsaya. Yadda aka zaɓi waɗanda za a ba maganin shi ne yadda Hertz da Roberts suka yi a 1941: a fara aunawa da ɗan kaɗan, a ga abin da ya zauna, sannan a yanke hukunci.

A 2015 wani rukunin likitoci ya gwada dabrafenib, mai kai hari kan BRAF kai tsaye, a kan mutum goma, shida suka koma shan aidin. An yi wannan gwaji ne a Babban Asibitin Massachusetts, gidan da Hertz ya bari shekara 70 kafin nan.

Hanyar ba ta gama nuna ba tukuna. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2022, inda aka haɗa selumetinib da aidin tun a zagayen farko bayan tiyata, bai nuna wani fifiko a kan aidin shi kaɗai ba. Yawancin sauran gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma ana ci gaba da aikin tantance wane mara lafiya ne zai amfana, da wane magani, na tsawon wane lokaci.

Akwai kuma tambayar da Hertz ya yi fama da ita a 1946, ta wa zai sami maganin. Aidin 131 ba ya ajiyuwa, duk kwana takwas rabinsa ya tafi. Ƙasar da ba ta samar da shi dole ta yi odarsa ta jirgin sama, kuma duk jinkirin kwana ɗaya a filin jirgi ragi ne a ƙarfin abin da mara lafiya zai sha. A Najeriya, asibitocin gwamnati da aka sani da wannan sashe tun da daɗewa su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja. Gwajin ƙwayoyin gado da sabbin magungunan da ake haɗawa da aidin kuwa sun fi ƙarfin aljihun mafi yawan iyalai a ƙasashe masu tasowa.

Dawowar suna

Hertz ya rasu ya bar ɗiya ƙarama. Bayan ta girma ta tarar da akwatunan takardunsa: wasiƙar Compton ta 1936, wasiƙun da aka yi ta musaya lokacin rikicin 1946, da jadawalin marasa lafiyarsa da ya rubuta da hannu, kowanne da yawan abin da ya sha da abin da na'ura ta nuna. Ta shafe shekaru tana kai waɗannan takardu gaban masana da ƙungiyoyin likitoci. Su ne suka ba masu tarihi damar jera abubuwan da suka faru bisa kwanan wata.

A 2016 ƙungiyar masana likitancin nukiliya ta Amurka ta fara bayar da lambar yabo da sunansa. A 2021, shekara 80 bayan mara lafiyar farko, Ƙungiyar Masana Kimiyyar Sinadarai ta Amurka ta sanya aikinsa cikin jerin muhimman abubuwan tarihi na fannin, aka kuma yi bikin a Babban Asibitin Massachusetts. Dabarar da ya fara ta wuce wuya. A yau ana amfani da irinta, da sinadarin lutetiyom 177, wajen bin wasu nau'o'in kansar hanji da ta mafitsarar maza har inda suka ɓuya.

Tsakanin ranar da ya ɗaga hannu a wajen liyafar Harvard da ranar da ya rasu, shekara 14 ce ba ta cika ba, kuma kusan uku daga ciki ya yi su ne a cikin kakin soja.